Martani Ga Mai Cewa Ɗan Ƙwaya Ba Shi Da Sauran Abin Girmamawa

Na karanta maƙalar da wani malami daga cikin marubutanmu ya buga kwanakin baya a kan matasan da shaye-shaye ya kama, kuma ko da yake ban yi shakkar kyakkyawar niyyarsa ba, domin duk wanda ya karanta zai ji cewa zafin zuciyar uba ne ke magana, hukuncin da ya yanke a cikinta ya yi nauyin da bai kamata a bar shi ya wuce ba tare da an tattauna shi ba. Taƙaitaccen abin da ya ce shi ne, wai ɗan ƙwaya mutum ne da ya riga ya sayar da mutuncinsa, ba shi da sauran abin da yake girmamawa, ba iyaye, ba addini, ba ma ransa. Wai shi ya sa ake ganinsa yana jefa kansa cikin halaka ido buɗe, don ganganci ya zame masa ɗabi'a. Saboda haka, a ganin malam, ɓata lokaci ne a zauna ana yi masa nasiha, abin da ya rage kawai shi ne mari da bulala, in ya shiryu to, in bai shiryu ba jama'a sun huta da sharrinsa.

Kafin in shiga inda muka saɓa, bari in faɗi inda muka haɗu, don kada wani ya zaci na zo nema wa ɓarna uzuri ne. Babu taƙaddama cewa shan abin da ke gusar da hankali don neman maye haramun ne, ko a kwalba yake, ko a ƙwaya, ko a hayaƙi, domin kiyaye hankali yana cikin larurori biyar ɗin nan da Shari'a ta zo don ta tsare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Babu kuma mai musun girman annobar. Binciken 2018, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuffuka ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ya kiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan tsakanin shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye da ba giya ba kuma ba sigari ba a cikin shekara guda; miliyan 10.6 tabar wiwi, miliyan 4.6 ƙwayoyin kashe zafin ciwo irin su tiramol, miliyan 2.4 kuwa maganin tari mai kodin; ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, ɗaya cikin biyar kuma abin ya riga ya zame masa ciwo. To, wannan adadi da ake zaton zai ƙarfafa maganar malam, shi ne farkon abin da ke raunana ta, domin a cikin waɗannan miliyoyi akwai manomi da ɗan dako da ɗalibi da direba da matar aure a cikin kulle, akwai waɗanda muke haɗa kafaɗa da su a sahu, muke saye da sayarwa da su, muke ba su ajiya su mayar mana. Da a ce dukansu ba su da sauran abin girmamawa, da garuruwanmu ba su zaunu ba.

Kuskuren farko a cikin hujjar malam kuskure ne na kiyasi: ya ga aikin mutum ya saɓa wa wani abu mai daraja, sai ya yanke cewa darajar abin ba ta cikin zuciyarsa. Da wannan kiyasi ingantacce ne, da duk wanda ya taɓa yin ƙarya an tabbatar ba ya ganin girman gaskiya, duk wanda ya taɓa makara sallar Asuba an tabbatar ba ruwansa da salla, alhali kuwa mun sani mutum yakan saɓa wa abin da ya fi so, ya kuma kwana yana cizon yatsa a kai. Wannan mas'ala ce da magabata suka daɗe da warwarewa lokacin da suka ƙi yarda da Hawarijawa a kan cewa babban zunubi yana kore imani. Kuma a kan mashayi kansa muna da nassi bayyananne. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda yakan ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dariya, wanda kuma aka sha kawo shi saboda shan giya ana yi masa bulala; ran nan da aka sake kawo shi sai wani daga cikin jama'a ya la'ance shi saboda yawan kawo shin da ake yi, Annabi kuwa ya hana a la'ance shi, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. A lura, ba a ɗauke masa hukunci ba, ba a kuma ce abin da ya yi daidai ne ba. Amma wanda ya fi kowa sanin darajar hankali ya tabbatar da cewa soyayyar Allah da jarabar kwalba suna iya haɗuwa a ƙirji ɗaya. Ina mamakin yadda malam, da iliminsa, ya tsallake wannan.

Wanda ma bai buɗe littafi ba, in ya buɗe ido a unguwarsu zai ga shaidar haka. Me ya sa yaron da ke busa wiwi yake neman kango ko bayan gari, yake tauna wani abu don ya kashe warin kafin ya shiga gida? Me ya sa yarinyar da ke shan kodin take juye shi a gorar lemo? Me ya sa da yawansu suke daurewa tun daga ketowar alfijir har faɗuwar rana a watan azumi, jiki na rawa, kai na sarawa, ba mai tsaron su sai Allah? Wanda ba ya girmama komai ba ya ɓoyo, kuma ba ya jin kunya. Ɓoyon nan da ke ƙara wa iyaye takaici shi ne alamar cewa nafsul lawwama, wato rai mai zargin kansa, bai mutu ba tukuna.

Akwai wani labari a cikin littattafan tarihi da na tarjamar sahabbai wanda ya haɗa dukan abin da muke jayayya a kai, ganganci da mari da mutunci, shi ne labarin Abu Mihjan Assaƙafi. Jarumi ne kuma mawaƙi, amma giya ta rinjaye shi, har an tsayar masa da haddi ba sau ɗaya ba. A yaƙin Ƙadisiyya, wajen shekara ta 636 Miladiyya, bisa mashahuriyar ruwaya, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya sa aka ɗaure shi a mari saboda sha. Da ya ji amon yaƙi ya yi tsanani, Musulmi suna cikin ƙunci shi kuwa yana zaune a ɗaure, sai ya roƙi Salma matar Sa'adu ta kwance shi, ya yi mata alkawarin cewa in ya tsira da ransa zai dawo da ƙafarsa ya mayar da marin. Ta kwance shi, ya hau Balƙa'u, goɗiyar Sa'adu, ya kutsa cikin rundunar Farisa yana yaƙin da ya ba mutane mamaki, har Sa'adu da ke kallo daga saman soro saboda rashin lafiya ya riƙa cewa wannan sara irin na Abu Mihjan ne, in ba don ya san yana ɗaure ba. Da ƙura ta lafa, mutumin nan da ke da doki a ƙarƙashinsa da sarari a gabansa, ya dawo ya sa ƙafarsa a mari kamar yadda ya yi alkawari. Sa'adu ya sake shi, ya ce ba zai ƙara yi masa bulala a kan sha ba, shi kuma ya rantse ya bar giya daga ranar. To, ina tambayar malam: da an tambaye shi game da Abu Mihjan kwana ɗaya kafin yaƙin, ashe ba zai ce mutum ne da ba shi da sauran abin girmamawa ba? Alhali kuwa amana da cika alkawari da kishin addini duk suna nan a ƙirjinsa, kuma abin da ya fito da su shi ne an yarda da maganarsa, abin da mari da bulala suka kasa yi shekara da shekaru.

Sai batun ganganci, wanda a nan ne malam ya fi kusa da gaskiya, a nan ne kuma ya fi yi mata mummunar fassara. Gaskiya ne wanda maye ya kama yakan zaɓi abin da ke da haɗari fiye da sauran mutane, kuma masana halayyar ɗan'adam sun auna wannan. A 1994 Antoine Bechara da Antonio Damasio da abokan aikinsu a Jami'ar Ayowa ta Amurka suka ƙirƙiro wani gwaji: a ajiye wa mutum tarin kati huɗu ya riƙa jawowa, biyu suna ba da riba mai tsoka amma lokaci lokaci su jawo asarar da ta fi ribar, biyu kuma ribarsu kaɗan ce amma asararsu ta fi ƙanƙanta, ta yadda mai haƙuri da su shi ke tashi da riba. Yawancin mutane, bayan sun ɗanɗana asara, sukan koma wa masu ƙaramar riba. Da aka gwada masu jarabar maye sai aka ga da yawansu suna ta komawa ga masu babbar ribar duk da asarar da suke gani, ko da yake wani kaso daga cikinsu sun yi zaɓi daidai da na kowa. A 1999 kuma Kirby da Petry da Bickel suka tambayi masu shan hiroyin ko sun fi son kuɗi kaɗan yanzu ko masu yawa bayan wasu kwanaki, suka tarar darajar abin da aka jinkirta tana zubewa a idonsu da saurin da ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane. Abin da wannan ke nunawa ba shi ne cewa mashayi yana son halaka ba, ba kuma shi ne cewa iyalinsa da lafiyarsa ba su da nauyi a wurinsa ba. Lamarinsa kamar na sikelin mai awo ne wanda hannunsa ɗaya ya lanƙwashe: duwatsun awon suna nan yadda suke, ba wanda ya ɓata, amma duk abin da aka ɗora a ɓangaren yanzu sai ya rinjayi abin da aka ɗora a ɓangaren gobe. Da yake kuwa mutunci da tarbiyyar 'ya'ya da tsawon rai duk amfaninsu a gobe yake, daɗin ƙwaya kuwa nan take ne, sai ka ga mutum ya yi zaɓin da shi da kansa zai la'anta bayan sa'a uku.

Har wa yau, malam yana lissafa haɗarin ne daga inda yake zaune, bai lissafa shi daga inda mashayin yake tsaye ba. Imamu Gazali ya bambanta jarunta da tahawwuri, wato kutsawa cikin haɗari ba lissafi, ya kuma bambanta ta da ragwanta. Ni kuwa a ganina yawancin abin da muke kira gangancin ɗan ƙwaya ya fi kusa da tsoro, domin gudun wata azaba ce ta kusa. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin, ranar da bai sha ba zai tashi da ciwon gaɓoɓi da gumi da gudawa da hamma da rashin barci da wani ƙunci a zuciya wanda wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane ba. A ɗauki lebura mai haƙar yashi ko ɗan dako a kasuwa, wanda abincin gidansa na yau yana rataye da aikinsa na yau. Ya fara sha ne don an ce masa zai ƙara masa ƙarfi, ya yi aikin mutum biyu, ya kai cefane gida. Abin da ya tura shi kuwa shi ne ƙin zaman banza da ƙin roƙo da son sauke haƙƙin iyali, waɗanda duk halaye ne da muke yabo. Likita yakan ba da tiramol miligiram 50 ko 100 a sha ɗaya, kada a wuce 400 a yini, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa zuwa kasuwanninmu akwai mai 200 da mai 225 a ƙwaya guda, kuma yawan shansa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Lebura ya san wannan, ya ga abokinsa ya faɗi yana kumfa. Amma da safe, in ya auna faɗuwar da wataƙila ta zo wataƙila ba ta zo ba, da yunwar da tabbas za ta shiga gidansa yau in jikinsa ya ƙi tashi, sai ka ji ya ce, "In ban sha ba jikina ba ya aiki, bayan Salla zan daina." Lissafinsa kuskure ne, ina faɗa da babbar murya, amma lissafi ne na mutumin da ke da abin da yake tsoron rasawa. Haka saurayin da ya kasa barin majalisar abokansa don kada a ce ya ci amanar zaman tare, haka matar da baƙin cikin gidan aure ya cika mata ciki, kunya ta hana ta faɗa wa kowa, ta nemi abin da zai sa ta barci.

Kada kuma a ɗauka ina goyon bayan masu wuce iyaka ta ɗaya ɓangaren, waɗanda ke cewa mashayi ba shi da zaɓi ko kaɗan, ƙwaƙwalwarsa ce ta lalace, don haka ba a tuhumarsa. Wannan ma ba daidai ba ne, kuma hujjar da ke rushe shi ita ce dai ke rushe maganar malam. Carl Hart na Jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok ya riƙa ba masu jarabar koken zaɓi tsakanin ƙwayar da kuɗin da ba za su karɓa ba sai bayan an gama gwajin, ya ga sau da yawa suna barin ƙwayar su ɗauki kuɗin, musamman in kuɗin sun ƙaru. Babban misali kuwa shi ne na sojojin Amurka a yaƙin Biyetnam. Lee Robins ta bi sawun waɗanda suka koma gida a 1971, ta tarar kusan ɗaya cikin biyar sun kamu da jarabar hiroyin a can, har hukuma ta tsorata da abin da zai biyo bayan dawowarsu. Amma a cikin waɗanda suka kamu ɗin, kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko, kimanin kashi 12 a cikin shekara uku. Mutanen nan su ne dai na jiya, abin da ya sauya shi ne sun baro fagen tsoro da kaɗaici da arhar ƙwaya, sun dawo inda akwai uwa da mata da aiki, wato inda abubuwan da suke girmamawa suka matso kusa har suka yi nauyi. Ashe taklifi, wato alhakin abin da ya aikata, bai faɗi daga kan mashayi ba, fata ma ba ta yanke daga kansa ba.

Maganin da malam ya ba da kuwa mun riga mun gwada shi, mun ga abin da ya haifar. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da sama da mutum 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, makonni kaɗan bayan haka aka sami irinsa a Daura. Kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da kuɗinsu, don neman shiriya. Ban zargi iyayen ba, gajiya ce da rashin wata ƙofa. Amma mari yana hana hannu kaiwa ga ƙwaya ne kawai, ba ya koya wa zuciya zaɓi, ranar da aka kwance shi kuwa za a mayar da yaron unguwar da ya baro, da abokan da ya baro, da zaman banzan da ya baro, an kuma ƙara masa da wulaƙancin da ya cinye ɗan guntun mutuncin da za a iya kama shi da shi. Akwai ma wani haɗarin da likitoci suka sani: wanda aka raba da irin su kodin da tiramol na wani lokaci, juriyar jikinsa takan ragu, in ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, yana iya zama ajalinsa.

Hanyar da Shari'a ta bi da al'ummar da giya ta ratsa jininta ba haka take ba. An saukar da hukuncin ne daki-daki, a Baƙara aka bayyana cewa zunubinta ya fi amfaninta, a Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sannan a Ma'ida aka yanke. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa da hanin ne ya fara sauka kafin imani ya zauna a zukata, da mutane sun ce ba za su bari ba har abada. An fara gina abin da mutum zai girmama, sannan aka nemi ya bar kwalba saboda shi, shi ya sa ranar da hanin ya zo aka kwarara giya a titunan Madina ba tare da an ɗaure kowa ba. Masu ilimin jinya na zamani ma nan suka dawo. Tun 1983 William Miller ya fito da wata hanyar zantawa da mashayi wadda ake amfani da ita a ƙasashe da yawa, gindinta kuwa shi ne mai jinya ya daina gardama da shi, ya tambaye shi abin da ya fi daraja a rayuwarsa, ya bar shi ya faɗa da bakinsa, sannan ya taimake shi ya dubi tazarar da ke tsakanin abin da ya faɗa da abin da yake aikatawa. Da mashayi ba shi da abin girmamawa, da wannan hanya ba ta da abin kamawa.

Na san abin da malam zai ce: yaya za a yi da ɗan da ya sace sarƙar uwarsa, ya zare wa ƙaninsa wuƙa? Akwai irinsu, kuma ba na cewa a bar gida cikin tsoro saboda tausayin mutum ɗaya. Wanda ya cutar da wani, hukuma ta hukunta shi a kan cutarwar, wanda hankalinsa ya taɓu a kai shi inda likitoci suke, irin asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Amma ba a ɗaukar hukuncin mafi muni a shimfiɗa wa miliyoyi, Hausawa ma sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In kuwa zafin alƙalami ake so, ga inda ya dace da shi: masu shigo da ƙwaya kwantena kwantena, da masu kantin magani da ke sayar wa yaro abin da suka san ba ciwo zai sha wa ba, da 'yan siyasar da ke raba wa matasa kayan maye lokacin zaɓe. Sai da BBC ta fallasa yadda kodin ke fita daga kamfanoni zuwa hannun matasa, sannan gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a ranar 1 ga Mayu, 2018. Waɗannan da ke cin riba da hankalinsu garau, ban ga malam ya ba su ko sakin layi ɗaya ba.

Roƙona ga malam, da girmamawa, shi ne kafin ya sake ɗaukar alƙalami a kan wannan batu, ya nemi ɗaya daga cikin yaran nan na unguwarsu, ya zaunar da shi a zaurensa lokacin da yake cikin hayyacinsa, ya kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, ya tambaye shi wane ne ba ya so ya gan shi a buge, kuma me yake so a ce ya zama nan da shekara biyar. In ya saurari amsar har ƙarshe, to, ya rubuto mana abin da ya ji.